Man Kariya Daga Rana a Gonakin Bakolori: Mai Kauri Ko Mai Laushi?

Daga watan Maris har zuwa saukar damina, duk wanda ke noman rani a Bakolori ya san abin da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ke nufi. Madatsar da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978 an tsara ta ne ta shayar da kadada wajen 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma ta sauya wa manomi tsarin shekararsa. Bazarar da a da ake ƙarewa da sharar gona da sanyin safiya, ko a tafi ci-rani, yanzu lokacin ban-ruwa ne da cirar ciyawa da korar tsuntsu daga shinkafa, a fili fetal, ruwan fangali yana maido wa mutum haske a fuska. Yankin yana wajen digiri 12 da rabi arewa da ikwaita, don haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar kai.

Yawancinmu baƙar fata ta rufa mana asiri. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya auna kariyar da fata ke bayarwa da kanta, ya tarar ta baƙar fata ta kai wajen lamba 13 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin man kariya, ta farar fata kuwa wajen 3. Zabiya ba shi da wannan rabon, domin jikinsa ba ya samar da sinadarin melanin yadda ya kamata. Dubi yaron zabiya ɗan shekara goma da ke bin mahaifinsa gona: ƙeyarsa ta yi ja ta yi kauri, bakin kunnensa yana saɓa, leɓen ƙasa ya tsattsage, bayan hannunsa duk ɗigo-ɗigo masu kaushi da idan ka shafa za ka ji su kafin ka gan su. Waɗannan ɗigo su ne kan zama miki da ba ya warkewa idan ya kai shekara ashirin da wani abu. Farfesa Anezi Okoro, likitan fata, ya duba zabaya 1,000 a gabashin Nijeriya, ya wallafa sakamakon a 1975, kuma kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka haura shekara 30. Wanda sankarar fata ta kama a ƙauyukan Maradun, sai an kai shi Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaron da suke ciki, kuma galibi ana isa ne bayan ciwo ya ci ƙarfin wuƙar likita.

A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man kariya daga rana cikin jerin muhimman magungunan da take ba ƙasashe shawarar su tanada, kuma zabaya ne suka fi kowa fafutukar ganin hakan. Kowace ranar 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu, ƙungiyoyi kan raba kwalabe. To amma wane irin mai? A nan masana haɗa magunguna da likitocin fata da iyayen yara suka rabu gida biyu, kuma gardamar tasu ta cancanci a saurare ta da kyau, domin kuɗin saye kaɗan ne, kuskure kuma a jikin yaro yake bayyana.

Kafin a shiga gardamar, akwai abu guda da kowane ɓangare ya yarda da shi. Cikin hasken rana akwai kashi biyu da ido ba ya gani, masana na kiran su UVB da UVA. Na farko shi ke ƙona fata ta yi ja ta saɓe. Na biyu ya fi shiga ciki, yana ratsa gajimare da gilashin mota, yana ɓarna ba tare da mutum ya ji ba. Lambar SPF da ke jikin kwalba kusan duk labarin UVB take bayarwa: mai lamba 15 yana tare wajen kashi 93 cikin ɗari, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Ana samun wannan lamba ne a ɗakin gwaji mai sanyi, da sabon mai, an shafa miligiram biyu a kowace murabba'in santimita ta fata. Mutane a gida ba su cika shafa ko rabin haka ba.

Ɓangare na farko suna cewa a sayi mai kauri, wanda aka haɗa da garin ma'adini, wato zinki oksaid ko taitaniyom dayoksaid. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Waɗannan garuka ba sa narkewa a cikin man, suna zaune ne a saman fata, kuma hasken rana ba ya farfasa su. An daɗe ana cewa suna maido da haske ne baya, amma aune-aune na baya-bayan nan sun nuna yawancinsa shanye shi suke yi, kaɗan ne suke maidowa. Ko ta wace hanya dai, ƙwayar zinki da ta sha rana da safe ita ce dai ƙwayar zinki da la'asar, kuma tana tare UVB da UVA baki ɗaya. Ba ta cika sa ƙaiƙayi ko raɗaɗin ido ba, abin da ke da muhimmanci ga zabiya wanda dama idanunsa ba sa jure haske, ga kuma gumi na gangarowa daga goshi. Suna ƙara da cewa a 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da daftarin ƙa'ida wanda ya ce waɗannan biyun kaɗai take da isasshiyar hujjar cewa ba su da illa kuma suna aiki, ta nemi ƙarin bayani a kan wasu sinadarai 12. Gwaje-gwajen da hukumar ta wallafa a 2019 da 2020 sun nuna da yawa daga cikin sinadarai masu narkewa suna ratsa fata su shiga jini. Wanda zai shafa abu kullum tun yana goye har tsufansa, in ji su, ya fi kowa cancantar a zaɓa masa wanda ke tsayawa a waje.

Babbar hujjarsu kuwa a kan wani sinadari ce mai suna abobenzon. Shi ne aka fi zubawa a man kariya mai laushi domin ya tare UVA, kuma yana tarewa sosai a farko. Matsalarsa ita ce idan ya sha haske ƙirarsa kan juye zuwa wata siffa da ba ta kama UVA, daga nan ta farfashe. In ba a tallafe shi da wani abu ba, cikin sa'a guda a rana ya zubar da kaso mai yawa na ƙarfinsa. Idan kuma aka haɗa shi da oktinokset, wanda ke cikin mafi arahar sinadaran tare UVB, sai su riƙa cin juna, duka biyun su raunana. Abin tsoron shi ne mai shafawa ba zai gane ba. Sauran sinadaran suna nan suna hana fata ja, yaro ya ga bai ƙone ba, ya ƙara sa'a biyu a gona, alhali ƙofar UVA a buɗe take. Wannan hujjar ta daɗe tana damuna, domin iyaye da yawa da jan fata suke auna ko mai ya yi aiki.

Ɓangare na biyu ba su musun ko ɗaya daga cikin wannan. Cewa suke yi labarin ya tsufa. Masu haɗa mai sun daɗe da gano yadda ake riƙe abobenzon: a zuba masa oktokirilin, wanda ke karɓe ƙarfin hasken daga gare shi kafin ya farfashe, ko a haɗa shi da sababbin sinadarai irin bemotirizinol, wanda ake sayarwa da sunan Tinosorb S, Turai ta amince da shi tun 2000. Wannan na ƙarshe rana ba ta karya shi, yana tare kashi biyun, ƙwayarsa kuma babba ce, ba ta ratsa fata da sauƙi. Game da shiga jini, suna tunatarwa cewa FDA da kanta ta ce samun abu a jini bai nuna yana cutarwa ba, ta kuma ce a ci gaba da shafawa. Suna jin tsoron kada uwa ta ji wannan labari rabi da rabi ta jefar da kwalbar da aka ba ɗanta, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Sai kuma su kawo abin da ya faru a garin Nambour na Ostareliya. Daga 1992 zuwa 1996 an bi mutum 1,621, aka sa rabinsu shafa mai kowace safiya, rabi kuma aka bar su da ganin dama. Waɗanda ke shafawa kullum sun samu raguwar wajen kashi 40 cikin ɗari na irin sankarar fatar da ta fi kashe zabaya a Afirka. Man da aka ba su lambarsa 16 ce kacal, kuma abobenzon da oktinokset ne a ciki, wato ainihin haɗin da ɓangare na farko ke kuka da shi. Darasin da suke cirowa shi ne mai rauni da ake shafawa kullum ya fi mai ƙarfi da ke ajiye a kan taga. Mai zinki yana da nauyi, yana danƙo, ga zafin bazara. Yaro zai goge shi da hannun riga da zarar ya fita ƙofar gida. A baƙar fata kuma yana barin fuska furu-furu, kuma akwai masu baƙar fata da ke bukatar kariya: masu tabon ƙuna, masu wasu cututtukan fata, da ɗimbin matan da man bilicin ya kankare wa melanin, matsalar da NAFDAC ta kira ta gaggawa a 2023. Budurwar da za ta shiga kasuwar Talata da fuska toka-toka ba za ta sake shafa shi gobe ba.

Ina ganin wannan hujja ta ƙarshe ta fi ƙarfi a kan baƙar fata fiye da kan zabiya, wanda farin zinki ba ya fitowa sosai a jikinsa. Ko a baƙar fatar ma akwai mafita, domin ana zuba ayon oksaid, dangin tsatsar ƙarfe, ya ba man launin ƙasa-ƙasa, ya kuma ƙara tare wani ɓangare na hasken da ido ke gani. Batun Nambour kuwa gaskiya ne, amma mutanen can kyauta ake ba su man, ana sabunta musu a kai a kai, kuma ba zabaya ba ne da ke wuni tsaye cikin ruwan shinkafa.

Sai dai kada masu zinki su yi saurin murna. A watan Yunin 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Ostareliya, Choice, ta kai man kariya iri 20 ɗakin gwaji, 16 suka kasa kai lambar da aka rubuta a jikinsu. Wanda ya fi kowanne faɗuwa an rubuta masa 50 da ɗoriya, aka auna aka samu 4, kuma mai zinki ne. Daga baya an janye shi daga kasuwa. Wannan a ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi tsananta doka a kan man kariya ke nan. Dalilin da irin haka ke iya faruwa ba ɓoyayye ba ne. Garin zinki yana da nauyi, yana son dunƙulewa, yana son kwantawa a gindin mazubi. Idan ba a watsa shi daidai cikin man ba, abin da ke hawa fata tsibi-tsibi ne da filaye a tsakani, haske kuma ta filayen yake bi. Taitaniyom shi ma in ba a lulluɓe ƙwayoyinsa da wani abu irin silika ko alumina ba, hasken rana kan sa shi fitar da abubuwan da ke lalata sauran kayan haɗin. Ƙwayar ma'adinin ba ta mutu ba, amma shimfiɗar da ya kamata ta yi a kan fata ta yage.

A nan ne na ga gardamar ta bar sunan sinadari ta koma kan haɗin gaba ɗaya, kuma a nan ne yanayin Mafara ya shigo da nauyinsa. Kusan duk man shafawa ruwa ne da mai aka tilasta musu zama tare da taimakon wani sinadari mai riƙe su. Zafi yana kwance wannan riƙo, kamar dai kindirmon da ya wuni a rana, ruwa ya taso sama, gudaji ya kwanta ƙasa. Wanda ya taɓa matsa robar man da ta daɗe a shago ya san alamar: wani ruwa-ruwa mai maiƙo ne ke fara fitowa, daga baya farin ya biyo a guntattake, wani lokaci da ɗan wari. Ko ka girgiza ba zai koma yadda injin masana'anta ya haɗa shi ba. Ƙa'idar gwajin ɗorewar magunguna ga ƙasashe masu zafi da laima irin tamu digiri 30 ce, gwajin gaggawa kuma digiri 40. A watan Afrilu inuwar Mafara kanta tana wuce 40, balle cikin shagon kwano da aka rufe da tsakar rana, balle tiren mai talla, balle bayan motar da ta ɗauko kaya daga Legas ko Kano ta kwana biyu a hanya. Oktokirilin ɗin nan da ke ceton abobenzon, wani bincike na 2021 ya nuna yana rikiɗewa sannu a hankali zuwa benzofinon, sinadarin da ba a so a jiki, kuma yawansa na ƙaruwa yayin da man ke tsufa. Ranar ƙarewar aiki da aka buga a gindin kwalba an lissafa ta ne bisa zaton an ajiye ta a wuri mai sanyi.

Ga kuma abin da muke yi da hannunmu. Man kariya yana da tsada, don haka uwa kan zuba shi cikin basilin ko man kaɗe domin ya yi auki, ya kai wata biyu maimakon mako biyu. Niyyarta mai kyau ce, talauci ne ya kai ta, amma ta tsinka kariyar, ta kuma rushe shimfiɗar da aka tsara man ya yi. Man kaɗe yana da kyau ga bushewar fata lokacin hunturu, yana da ɗan abin tare haske a cikinsa, amma ƙarfinsa bai kai ko kusa da abin da zabiya ke bukata ba. Masu haɗin mai na mata su ma sukan zuba wannan kan wancan, su ce an ƙara ƙarfi. Masu bincike a Oregon ta Amurka sun gwada irin wannan a 2021: suka zuba zinki oksaid cikin haɗin sinadarai masu narkewa, suka sa a haske na sa'a biyu, kariyar UVA ta faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Mai biyu masu kyau, kowanne a mazubinsa, suna iya zama marasa amfani idan aka cakuɗa su a kwano ɗaya. Mai kemis zai ɗaga kwalba ya ce, "Hajiya, wanga lamba hamsin ne, ya fi ƙarfi," kuma iyakar abin da ya sani ya faɗa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai wani abu da kamfanonin Turai da Amurka ba su sa a lissafi ba, mu kuwa shi ke tsara wuninmu, wato alwala. Fuska, hannuwa zuwa gwiwa, kunnuwa, ƙafafu: gaɓoɓin alwala su ne daidai wuraren da tufafi ba ya rufewa, su ne kuma inda sankara ta fi kama zabiya. A mazhabar Malikiyya cuɗawa farilla ce, don haka duk man da aka shafa da safe, abin da gumi ya rage alwalar Azahar za ta tafi da mafi yawansa. Ko wanda aka rubuta wa "mai jure ruwa", a dokar Amurka minti 40 ne ko 80 ake nufi, kuma ba tare da cuɗa ba. Masu son mai laushi suna cewa nasu ya fi dacewa da mai salla, yana wankuwa da sauƙi, a sake shafawa. Masu son mai kauri suna cewa nasu ne ke jure gumin safe zuwa Azahar, lokacin da rana ta fi cutarwa. Sai kuma tambayar da iyaye ke yi a ɓoye: shin mai kaurin nan yana hana ruwa isa ga fata? Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin abin da ke da jiki, mai daskarewa a kan fata irin kaki ko fenti, da maiƙon da ya bi jiki. Hukuncin nasu ne, amma ya kamata a kai musu ainihin man su gani su taɓa, a kuma bayyana musu abin da ke faruwa da zabiya idan ya bar shafawa, domin na tabbata akwai masu barin sa saboda shakka, ba su tambayi kowa ba.

Alwala kuma tana da wani alheri a nan da ba a lura da shi. Likitoci na cewa a sake shafa mai duk bayan sa'a biyu, abin da ba mai agogon da zai tuna a gona. Amma kowa yana tuna salla. Idan aka koya wa yaro ya shafa kafin ya fita da safe, ya ƙara da hantsi, ya sake bayan alwalar Azahar, an ɗora sabuwar ɗabi'a a kan tsohuwa mai ƙarfi. Sai dai lissafin yana da ɗaci. Fuska da wuya da kunnuwa na cin wajen rabin ƙaramin cokali, bayan hannuwa da ƙafafu wani rabin, wato kimanin mililita 5 a shafa ɗaya. Sau uku a rana ya zama 15. Kwalba mai mililita 100 mako guda za ta yi. Wanda ya raba kwalba ɗaya ranar 13 ga Yuni ya ɗauki hoto, ya rufe wa yaro mako ɗaya ne cikin 52.

Wannan ya sa nake sauraron dattawan da ke cewa a bar zancen mai, a saya wa yaro malfa. Suna da gaskiya fiye da yadda masu ilimin zamani ke ba su. Malfa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu da saƙa mai ƙarfi, rawani ko hijabi da ke rufe ƙeya, tabarau, da kuma sauya wa yaro aiki ya koma na safe da yamma ko na cikin rumfa: waɗannan rana ba ta farfasa su, alwala ba ta wanke su, ba sa tsinkewa a shago. Su ne gaba, mai yana biye. Amma malfa ba ta tare hasken da ke tasowa daga ruwan fangali da farin yashi ya bugi haɓa da leɓe, ba ta kuma rufe bayan hannun da ke riƙe da fartanya. Inda tufafi ya tsaya, dole mai ya karɓa.

Da za a ba ni zaɓi domin zabiyan da ke aiki a gonakin Bakura ko Maradun, zan karkata ga mai kauri, wanda mai ne ya lulluɓe ruwa a cikinsa, domin irinsa ya fi jure gumi, kuma ƙashin bayansa zinki ne mai lulluɓi, ko zinki tare da sababbin sinadaran da rana ba ta karyawa, in masana'anta ce ta haɗa su ta gwada. Dalilina shi ne lalacewar irin wannan mai takan nuna kanta, ido na ganin ya tsinke, a jefar, alhali mutuwar abobenzon a kan fata ba ta da alama. Ga mai baƙar fata da ke zaune a gari, mai laushi da aka haɗa da kyau ya wadatar, kuma ya fi yiwuwa ta ci gaba da shafa shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar "da babu gara ba daɗi" da ake yi idan an kawo kwalaben da suka kusa ƙare aiki ko suka sha zafi a sito. A wannan fage ba daɗi na iya fin babu muni, domin wanda ba shi da mai yana neman inuwa, wanda ya shafa matacce kuwa yana tsayawa a rana da kwanciyar hankali.

Ba sai mun jira Turai ta haɗa mana ba. A Moshi ta Tanzaniya, a cibiyar horar da likitocin fata da ke asibitin KCMC, fiye da shekara goma ke nan ana haɗa wani mai da ake kira Kilisun musamman domin zabaya, ana raba shi kyauta a asibitocin tafi-da-gidanka, inda ake duba fatar mutum, a kashe ɗigon da ya fara kaushi tun bai zama miki ba, a koya masa yadda ake shafawa, a sa masa ranar dawowa. A Nijeriya gidauniyar zabaya da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta daɗe tana kiran gwamnati kan kula da masu sankarar fata. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello duk suna da tsangayar haɗa magunguna, ga man kaɗe a ƙasarmu da za a iya gwadawa a matsayin gindin haɗi a ɗakin gwaji, inda za a auna abin da ya fito.

Idan Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara za ta sayi man kariya, ta nemi shaidar kariyar UVA a rubuce, ban da lambar SPF, ta kuma nemi a auna samfurin bayan ya yi wata uku a zafin digiri 40 ko fiye. A ajiye shi a ɗakin magani na manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda ake ajiye sauran magungunan da zafi ke lalatawa, a riƙa bayarwa wata-wata da kati, ma'aikacin lafiya ya duba ƙeya da kunne da leɓe a duk zuwa. Kayan kuma su iso a watan Fabrairu, kafin bazara ta kama.